Sokawen bulo da ake gina mana a Bauchi: yana maganin wari, ba ya tsare rijiya

Idan gini ya kusa kammala a Bauchi, birkila yakan kawo jinga guda ta bayan gida: rami biyu, ɗaya tanki ɗaya sokawe, bulo mai inci tara, murfin kankare da rodi, bututun iska, sai camba ɗaya ko biyu inda bututun banɗakuna ke haɗuwa. Mutane suna kiran duka aikin sokawe, kuma kusan salo ɗaya ake yi daga Fadamar Mada har Yelwa. Wannan aikin ne ake dubawa a nan.

A kan abin da mai gida ya biya dominsa, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Wari yana raguwa, ƙuda ba ya samun wurin hayayyafa, ƙazanta ta ɓace daga ido, kuma tankin da aka gina da kyau yana shekaru da yawa ba a taɓa shi ba in ban da kwasa. Inda aikin ya gaza shi ne abin da ba ya cikin jingar tun farko, wato ruwan rijiyar da ke cikin gidan ko gidan maƙwabci. Kuma gazawar ba ta tsaya kan magini marar ƙwarewa ba. Sokawen da ya fi kowanne kyau ma yana tura sinadarin naitiret, mai cutar da jarirai in ya yi yawa a ruwan sha, cikin ruwan ƙasa, don ba a ƙera shi don ya cire shi ba.

A fara da tankin, don shi ne ɓangaren da ake iya auna ƙwarewar magini da shi. Tanki na gaskiya ba ya yoyo. Ƙasansa daɓen kankare ne mai kaurin santimita 15, haɗin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Bulon bango ana cike cikinsa da kankare, a yi filasta sau biyu daga ciki da haɗin siminti 1 yashi 3. Ana raba shi ɗaki biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku na tsawon, kuma tsawon ya ninka faɗin sau biyu zuwa uku. Zurfin ruwa a ciki kada ya gaza mita 1.2, a bar sarari kamar santimita 30 tsakanin ruwa da murfi. Bututun shiga ya ɗara na fita tsawo da kamar inci uku, kowanne kuma a sa masa mahaɗa mai siffar T ta inci huɗu, wadda ƙafarta ke nutsewa cikin ruwa. Gida mai mutum goma da ke zubar da lita 60 kowane mutum a rana yana buƙatar wurin lita 600 na ruwan kwana ɗaya, da wurin lakar da ke taruwa, kamar lita 40 ga mutum a shekara. In aka yi lissafin shekara uku, aka ƙara sarari don baƙi da biki, tanki mai faɗin mita 1, tsawon mita 2.4, zurfin ruwa mita 1.3 ya isa, wato lita 3,000 da ɗoriya.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne mahaɗar T ɗin nan, alhali kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ba ita, kumfa da maiƙon da ke iyo a sama suna bin bututu su faɗa sokawe, su toshe ƙasar da ya kamata ta tsotse ruwa, shekara biyu uku sai ka ji an ce sokawe ya cika. Na biyu shi ne daɓe. Akwai maginan da ke barin ƙasan tanki ba kankare da gangan, su gaya wa mai gida wai don kada ya riƙa cika. Gaskiya ne ba zai cika da wuri ba, amma ya tashi daga tanki ya koma shadda mai murfin kankare, ɗanyar ƙazanta na zirarewa kai tsaye. Gwajin ba wuya: kafin a rufe, a cika tankin da ruwa, a bar shi kwana ɗaya siminti ya sha, a ƙara ruwa a sa alama, a dawo washegari. In ruwan ya sauka ƙasa da alamar yadda ido zai gani, kada a biya cikon kuɗin aiki sai an sake filasta.

To, a ce duk an yi wannan daidai. Me tankin ke yi wa ƙazantar? Mai nauyi tana kwanciya a ƙasa, mai maiƙo tana tasowa sama, ƙwayoyin bakteriya da ba sa buƙatar iska suna narkar da wani ɓangare. Naitirojin kuwa, sinadarin nan na takin yuriya, wanda mafi yawansa a cikin fitsari yake ba a bayan gida ba, ba ya kwanciya. Yana juyewa amoniya ya narke cikin ruwa, ɗan kaɗan ne ke maƙalewa a laka, saura duk ya wuce sokawe. A ƙasar da ke kewaye da sokawen, inda akwai iska tsakanin ƙwayoyin yashi, wasu bakteriya na daban suna mayar da amoniya naitirait, daga nan su mayar da shi naitiret. Amoniya tana manne wa yumɓu ta ɗan tsaya. Naitiret ba ya mannewa, yumɓu da shi cajin lantarkinsu iri ɗaya ne, ture juna suke yi, don haka duk inda ruwa ya bi nan yake bi, har ya tarar da ruwan da rijiya ke ɗiba. Hanya guda da yake ɓacewa ita ce ya ratsa wurin da babu iska amma akwai ruɓaɓɓen abu da bakteriya za su ci, sai su mayar da shi iskar naitirojin ya tashi. Irin wannan wurin a fadama ake samunsa, ba a ƙarƙashin jigawa ko tsakuwa ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Sokawen da mai gida ke yabo, wanda ke shanye ruwa nan take bai taɓa cika ba, shi ne ya fi samar da naitiret kuma ya fi saurin aika shi ƙasa. Wanda ya nutse cikin ruwa da damina ba ya samar da naitiret sosai don babu iska, amma yana aika amoniya da ƙwayoyin cuta kai tsaye, tunda babu busasshiyar ƙasa da za ta tace su. An gudu ba a tsira ba.

Yawan abin ya fi yadda ake zato. Babban mutum yana fitar da naitirojin kilo 3 zuwa 5 a shekara, gwargwadon abincinsa. A ɗauki kilo 4. Gidan mutum goma kilo 40 ke nan. Manomi zai fi saurin ganewa: buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin kilo 23 ne a cikinsa, wato gidan yana juye kusan buhu biyu na yuriya a rami guda kowace shekara, a zurfin da saiwar shuka ba ta kaiwa. Kilo 40 na naitirojin in ya juye yana zama naitiret kilo 177, domin ana ninkawa da 4.43. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 50 a lita ɗaya, kuma ita ce ke cikin ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007. Kafin a tsarma kilo 177 ya sauko wannan iyaka sai an samu lita miliyan uku da rabi. Fili mai ƙafa hamsin da ɗari murabba'in mita 465 ne, ruwan saman Bauchi kuma yana kaiwa kamar milimita 1,000 a shekara, wato duk abin da ke sauka a kan filin bai wuce lita 465,000 ba, mafi yawansa kuma ya bi kwano da kwata ya tafi, ko rana ta ƙone shi. Ko da kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na naitirojin ɗin ya isa ruwan ƙasa, ana buƙatar sama da lita 880,000. A unguwar da gida ke jingine da gida, lissafin ba ya fita ko ta ina aka juya shi. Gidajen hayar ɗalibai irin na Gwallameji da Yelwa, inda fili ɗaya ke ɗauke da ɗakuna ashirin da rijiya a tsakar gida, sun ninka wannan lissafi sau da yawa.

Ƙasar Bauchi ma ba ta taimaka ba. Garin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, har akwai nau'in dutsen da masana suka raɗa wa sunan garin. Ruwan da rijiyoyin hannu ke samu yana kwance a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda a wurare da yawa ba shi da kauri, sai kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙasa. Sokawe da rijiya suna tarayya a wannan siririn shimfiɗi guda. Tsaga kuwa ba ta tace komai, ruwa yana gudu a cikinta da sauri, yana iya yin nisan da a cikin yumɓu sai ya shekara bai yi ba. A Gombe labarin ya ɗan bambanta, can dutsen yashi ne, kuma a yankunan da ke kan tudu ruwa yana da nisa ƙwarai. Nisan yana jinkirta isowar naitiret, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta a hanya, amma naitiret ba ya mutuwa, jira kawai ake yi.

Saboda haka ramin sokawen ne ya fi cancantar suka a cikin jingar. Al'adar ita ce a haƙa shi da zurfi, mita uku, huɗu, wani lokaci har sai an ji danshi, a ɗaura bulo a bar ƙofofi tsakani. Mai gida yana ganin zurfi shi ne ingancin aiki. Ga rijiya kuwa akasin haka ne: kowace mita da aka ƙara an rage ƙasar da za ta tace ruwan. Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 1.5 na busasshiyar ƙasa tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa, kuma a lokacin da ruwan ya fi tasowa ake aunawa, wato Agusta zuwa Satumba. Yawancin gini da rani ake yi. Mai haƙa ya ga rami a bushe a watan Maris ya ce lafiya lau, damina ta yi nisa gindin ramin ya koma cikin ruwa. Hanyar sani mai sauƙi ita ce a tambayi maƙwabta inda ruwan rijiyarsu ke tsayawa a ƙarshen damina, a auna da guga daga bakin rijiya, a cire mita 1.5, abin da ya rage shi ne iyakar zurfin rami. In bai kai mita biyu ba, wurin ba na sokawe mai zurfi ba ne. Mayar da tsohuwar rijiya sokawe don a huta da haƙa kuwa, babu abin da ya kai shi muni a wannan sana'a, domin an zuba ƙazantar ke nan a cikin ruwan da duk layin ke sha.

Sai tazara. Ana cewa mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, mita 15 tsakanin tankin da ba ya yoyo da rijiya, kuma sokawe ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Magini mai hankali zai zagaya ya tambayi inda rijiyoyi da sokawen maƙwabta suke kafin ya sa diga, kuma wannan tambayar ita ce alamar da ta fi nuna wanda ya san aikinsa. Amma fili mai hamsin da ɗari tsawonsa duka mita 30 ne. Ka kai rijiyarka ƙofar gida, sokawe ƙarshen baya, sai ka tarar na maƙwabcin gefe yana taku biyar daga rijiyarka, katanga ce kawai tsakani. Kuma mita 30 ɗin an sa ta ne don ƙwayoyin cuta, waɗanda ke mutuwa in tafiya ta yi musu tsawo. Naitiret yana iya wuce mita ɗari a ƙasa mai yashi bai tsarmu yadda ya kamata ba.

Ga mai fili, akwai abin da ya fi rami, kuma magina sun iya in an nema: kwalbati marar zurfi. Ana haƙa dogon layi mai zurfin santimita 60 zuwa 90, faɗin kamar santimita 60, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora bututu mai inci huɗu da aka huhhuda, gangarensa kaɗan ƙwarai, a rufe da tsakuwa, a sa buhu ko raga don kada ƙasa ta cika tsakanin, sannan a mayar da ƙasa. Ruwan yana bazuwa a wuri mai faɗi kusa da sama, inda saiwar ciyawa ko ayaba za ta ɗebi wani ɓangare na naitirojin, kuma ƙasar da ke tsakaninsa da ruwan rijiya ta ƙaru. Ba ya cire duka, ko rabi ba a cika samu ba, amma ya fi rami nesa ba kusa ba. Kada a dasa darbejiya ko mangwaro kusa da shi, saiwarsu tana shiga bututu. Kafin a yanke shawara a gwada ƙasar: rami mai santimita 30 kowane gefe, a jiƙa shi ya kwana, a sake zuba ruwa a ga minti nawa yake ɗauka ya sauka inci ɗaya. In bai kai minti ɗaya ba, ƙasar ta cika sauri, ba ta tacewa. In ya haura awa ɗaya, ba za ta shanye ba, sai ambaliya.

Burtsatse ba kariya ba ce kai tsaye. In masu haƙa ba su zuba siminti sun toshe sararin da ke tsakanin bututun da bangon rami ba a mitocin sama, ruwan da ke kusa da sokawe yana bin jikin bututun ya gangara ya haɗu da na ƙasa. A sa wannan toshewar a cikin yarjejeniya, a kuma tsaya a ga an yi, tare da daɓen kankare a kewayen baki.

Naitiret ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Rijiya tana iya zama garau mai daɗin sha alhali ta ninka iyaka. Wanda ya fi shiga haɗari jariri ne ɗan ƙasa da wata shida, musamman wanda ake dama wa madarar gwangwani ko ake ba jiƙo da ruwan rijiya, kuma gudawa tana ƙara tsananta abin. A cikin jariri naitiret yana komawa naitirait, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Leɓe, harshe, dasashi da ƙarƙashin farce su yi duhu zuwa shuɗi, numfashi ya yi sama-sama, yaro ya yi laushi. Wannan na asibiti ne nan take, akwai allurar da ake yi. Wani likita a Amurka, Hunter Comly, shi ya danganta ciwon da ruwan rijiya tun 1945. Nonon uwa zalla yana kare jariri, domin naitiret ɗin da uwa ta sha ba ya wucewa cikin nono da yawa. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne tafasa ruwan da niyyar gyara shi: tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ruwa ne ke ƙonewa naitiret ya zauna, sai ya ƙara kauri. Alif, sinadarin kulorin, tacewa da ƙyalle, matatar gawayi, babu wanda ke taɓa shi. Injin tace ruwa da ake kira RO yana cire mafi yawansa muddin ana canza matatarsa a kan lokaci. In babu shi, a nemo wa jariri ruwa daga wani wuri. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Gubi ba daga ƙarƙashin unguwa ake janyo shi ba.

Gwaji ne kawai ke faɗin gaskiya, kuma babu maginin da ke haɗa shi cikin jinga. Akwai takardun gwaji da ake samu wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje, irin su MQuant da Quantofix: a tsoma daƙiƙa ɗaya, a kaɗe, a jira minti ɗaya, a gwada launin da jadawalin da ke jikin gwangwanin, mai matakai 10, 25, 50, 100, 250 da 500. Ba sa ba da adadi daidai, amma suna raba rijiyar da ke 10 da wadda ke 100, kuma wannan ya isa a yanke shawara. Zafi da danshi suna lalata su, don haka a rufe gwangwanin da sauri a ajiye inda aka rubuta. A lura da ma'aunin: wasu takardun, musamman na Amurka, naitirojin ɗin kawai suke ƙirgawa, a wurinsu iyakar 10 ce ba 50 ba. Wanda ya ga 20 a irin wannan takarda ya yi murna, ruwansa yana kusa da 90 ne a ma'auninmu. Ƙaramar na'urar da masu tallar injin tace ruwa ke tsomawa a kofi kuwa jimillar gishirin ruwa take nunawa, ba ta san naitiret ba.

A gwada sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina. In takarda ta nuna 50 ko sama, a kai samfur ɗakin gwaji. Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya tana da na ingancin ruwa a Gombe. A ɗiba a kwalba mai tsabta bayan famfo ya ɗan yi gudu, a sa a ƙanƙara, ya isa cikin kwana biyu. A nemi a haɗa da kulorayid, sinadarin da ke cikin gishiri, da bakteriyar E. coli mai nuna bayan gida ya shiga ruwa, ita kuma kwalbarta daban ce daga ɗakin gwajin kuma a ranar ake kaiwa. Naitiret da kulorayid in suka hau tare sun fi nuna masai. Naitiret shi kaɗai a gefen gari yana iya zama na takin gona ko turken shanu.

Saura kwasa. A buɗe murfi shekara-shekara a zura sanda da aka naɗe da farin ƙyalle. In laka ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwa, a kira mota, yawanci shekara biyu zuwa huɗu. A tabbatar sun zuƙe lakar ƙasa ba ruwan sama kawai ba, ɗakuna biyun duka, a bar 'yar kaɗan don bakteriya su ci gaba. Kada a bari kowa ya shiga ciki, iskar da ke taruwa a tanki tana sumar da mutum kafin ya yi ihu. Shi ya sa murfin da aka yi wa ƙofar dubawa a kan kowane ɗaki ya fi wanda aka shafe da siminti gaba ɗaya, wanda sai an fasa shi duk lokacin kwasa. Kwasa tana tsawaita ran sokawe, amma naitirojin da ta ɗauke kaɗan ne, tunda mafi yawansa ya riga ya bi ruwa. A kuma tambayi direban inda zai juye kayan, domin in a kwari ko tsohon kududdufi ne a bayan unguwa, rijiyoyin can ne za su karɓa.